Larabar Baba Tudose

Da asubar kowace Laraba, kafin bas ɗin farko ya taso, Baba Tudose yana gaban madubi yana aski. Na sani don bene ɗaya muke zaune a garin Galati, shi a sama ni a ƙasa, ina jin ruwan famfonsa yana bin bango. Sai ya goge farar riga, ya sa kwat ɗin da ya yi bikin 'yarsa da shi, ya zuba tuffa a jaka. Tare muke shiga mota. Ni in tafi goge daɓen asibiti, shi ya tafi a gwada masa ƙwaƙwalwa.

Lafiyarsa ƙalau. Tsohon mai walda ne a wurin ƙera jiragen ruwa, kunne ɗaya kawai aikin ya cinye masa. Matarsa Paraskiva ce dalilin zuwansa sashenmu, lokacin da ta fara zuba gishiri a shayi tana kiransa da sunan wanta. A ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen baranda aka gwada ta, yana zaune bayanta, an hana shi buɗe baki. Ta rasu. 'Yarsu Ilinka tana Italiya tana jinyar tsofaffin wasu, sai ranar Lahadi take buga waya.

Malama Rodika, mai koyar da ɗalibai wannan gwaji, tana neman tsofaffi masu lafiya da yara za su koyi hannu a kansu kafin a ba su majinyata na gaske. Shi ya fara kai kansa.

Aikin ba wani abin kallo ba ne. Ɗaliba ta karanto kalmomi, tsoho ya maimaita, bayan ɗan lokaci a sake tambayarsa. Ya zana fuskar agogo, ya ƙirga da baya, ya lissafo dabbobi. Wahalar tana kan ɗalibar: ba taimako, ba murmushi idan ya dace, ba ɓata fuska idan ya kuskure. Malama tana kusurwa tana cewa, "Daina gyaɗa masa kai. Ke ba jikarsa ba ce."

"Yau wace rana ce, Baba?" in ji ɗaliba.

"Ranar da kika makara, 'yata. Laraba."

Na taɓa tambayarsa a mota me yake samu a ciki, tunda ba magani ake ba shi ba. Ya ce, "Ke Aurika, yaushe rabon da wani ya tambaye ki abu, ya zauna yana jiran amsa?" Ni tambayar da ake yi mini ita ce ina bokiti.

Shekaru suka tafi, ya haddace gwajin kaf. Kafin ɗaliba ta gama buɗe takarda ya jero mata kalmomin. Wanda ya san gwaji kuwa ba a gwada shi, don ba ƙwaƙwalwarsa ake aunawa ba, haddarsa ce. Malama ta faɗa masa a hankali cewa watakila ya huta haka nan. Ya ce ya ji.

Larabar da ta biyo baya ya fara mantuwa. Ya yar da kalma biyu, ya daɗe yana neman sunan doki. Da aka ce ya zana agogo, sai ya cusa lambobin duka a gefe ɗaya, ya bar rabin fuskar fayau. Ɗalibar, wata 'yar siririya mai suna Luminita, ta fito idonta cike da hawaye tana neman Malama. Ina bakin ƙofa da tsummana, na ga komai.

Malama ta daɗe tana kallon takardar.

"Na taɓa ganin wannan agogon, Baba. Ba naka ba ne."

Ya sunkuyar da kai. "Na matata ne. Shi kaɗai na san yadda ake ɓatawa."

"Idan ka yi musu ƙarya, ƙarya za su koya. Gobe wata tsohuwa za ta zauna a kujerar nan, kuma da abin da suka koya za su auna ta."

Ba ta ɗaga murya ba, har ƙofa ta rako shi tana riƙe da hannunsa. Amma ɗakin ya rufe gare shi ke nan.

Bai fasa aski ranar Laraba ba. Yana zuwa ya zauna a bencin baranda, ni kuma in goge kewayen takalmansa in wuce. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya kira shi ciki. Haka muka yi har sanyi ya shigo, Ilinka ta ce za ta zo ta tafi da shi.

Larabarsa ta ƙarshe, an bar ƙofar a ɗan buɗe. Luminita tana tambayar wata tsohuwa kalmomin da ta karanta mata, tsohuwar ta kawo biyu ta tsaya. Na ga leɓen Baba Tudose yana motsi da sauran, ya damƙe gwiwoyinsa da hannu biyu don kada sautin ya fita. Luminita ba ta gyaɗa kai ba, ta jira. Ya kalle ta ta tsagar ƙofar, sannan ya ciro tuffa ɗaya, ya goge ta a hannun kwat ɗinsa, ya ajiye a kan benci, ya miƙe.