Muryar da Ta Shigo Rediyonmu a Hanyar Lewisham

Barking

Ƙarfe shida da kwata na safiyar Asabar muka bar gida, ni da matata Binta, gari bai waye ba. Sunan jikan yayana za mu a Lewisham, tafiyar mil goma sha ɗaya, ga kular masa a kujerar baya. Na kunna rediyo don jin labarin hanya.

Bakin ramin Blackwall

Bakwai saura kwata muka tarar da cunkoso a bakin ramin, wato hanyar da ta bi ta ƙarƙashin kogi. Muna tsaye sai rediyon ya yi ƙara, Turancin ya ɓace, muryar wata tsohuwa ta fito da Hausar Gana: "Awudu, ka ci abinci? Ka sa rigan sanyi fa."

Binta ta dube ni. Na ce mata akwai ƙaramar na'ura da direbobi ke sakawa a mota, tana tura sautin waya zuwa rediyo, kuma motar da ke kusa takan kama. Muka yi dariya. Sai muryar namiji ta biyo: "Yaya Awudu, Mma ya rasu jiya. Ka gaya ma Fati da kanka." Shiru. Muryar tsohuwar ta sake dawowa, har sau uku.

"Kashe, Baban Amira," in ji Binta. "Ba namu ba ne."

Na kashe. A hannun hagunmu akwai farar motar kai kaya, direban ya kifa goshi a kan sitiyari. Da aka saki hanya muka bi bayansa. Cikin ramin sau biyu tayarsa tana taka layi.

Greenwich

Muna fita na yi ta haska masa fitila har ya shiga wani gidan mai. Na yi masa sallama, na ce, "Kai ne Awudu? Allah ya jiƙan Mma."

Ya tambaye ni inda na san shi. Da na yi masa bayanin na'urar sai ya rufe fuska. "Kowa ya ji kenan, Alhaji?"

"Masu jin Hausa kaɗai. Mu biyu ne."

Mutumin Kumasi ne, shekara tara bai je gida ba. Muryar tsohuwar da muka ji tsohon saƙon mahaifiyarsa ne yake ta maimaitawa. Fati ƙanwarsa ce, tana Plumstead da tsohon ciki, shi ya sa ya ƙi gaya mata ta waya. Na ga bai kamata ya ci gaba da tuƙi ba. Na sa ya yi ringing ɗin manajansa, mai gidan man ya yarda motar ta jira, ya shigo tamu.

Plumstead

Tafiyar mil biyar ce. A ƙofar flat ɗin ya tsaya, ya kasa danna ƙararrawa. Binta ta ce, "Bari in fara shiga, in zaunar da ita." Ba ta taɓa ganin Fati ba, amma ita ce ta riƙe ta sa'ad da Awudu ya buɗe baki. Muka yi addu'a, muka zauna har mijinta ya dawo daga aiki.

Lewisham da gida

Sha ɗaya muka isa, an riga an raɗa suna. Yayana ya fara faɗa, da ya ji dalili sai ya sa malaman da ke wurin suka yi wa mamaciyar addu'a, ko sunanta ba mu sani ba.

Da la'asar muka dawo Barking lafiya, mun gode Allah. Ina cire takalmi saƙon Awudu ya shigo: ya yi booking ɗin jirgi, Talata zai tashi zuwa gida, kuma sunan Mma Hajiya Memuna.