Kafiretar da Mama Ta Wanke da Toka

A duk shekarun da na yi ina gyaran mota a Makarfi, ban taɓa buɗe injin da ya gagare ni ba. Masu akori-kurar da ke jigilar rake daga Kudan shaiduna ne. Sau ɗaya tak na tsaya a gaban aiki na rasa ta cewa, shi ma kirkin wata tsohuwa ne ya jawo.

Zamanin mulkin soja ne, ana ta tsuke bakin aljihu. An toshe shigo da kaya, sabulu da madara ma sai an bi layi, soja na tsaye da bulala, balle kayan gyaran mota. Mu kanikawa muka koma masu faci, a cire daga wannan matacciyar mota a tayar da waccan. Wanda bai iya wannan ba ya rufe gareji ya koma gona.

A cikin wannan hali wani dattijo ya aiko a kira ni. Tsohon malamin asibiti ne, mutumin kudancin Kaduna, ya yi aiki a ƙananan asibitocin Ikara da Kudan har ya yi ritaya ya zauna a Makarfi. Kowa Baba yake ce masa, matarsa kuma Mama. Rabin garin ya sha allurarsa, ni ma ina ciki.

Na san motarsa tun kafin in je. Ƙirar Japan ce, ruwan lemo, mai dogon hanci da gajeren baya, ƙofa biyu kujera biyu. Ya saye ta a hannun wani Bature mai aikin hanya lokacin da kuɗin fetur ke yawo a ƙasa. Mutanen gari suka sa mata suna motar marowaci, don ba ta da wurin rage wa kowa hanya. Tun da injinta ya buga aka ɗora ta kan duwatsu a gindin mangwaron gidan, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin shan iska.

Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali da aiki, sai ya ce, "Injiniya, matso nan gabana. In ka tsaya a gefe ba na ganinka."

Na matsa. Ya ce likitan ido a Zariya ya gaya masa jijiyar idonsa ce ke mutuwa, ba aikin da za a yi. Gefe da gefe ya riga ya tafi, tsakiya kawai ta rage, kamar mai leƙe ta cikin bututu, ita ma kullum tana tsukewa.

"Ni ma'aikacin lafiya ne, na san inda abin ya nufa," in ji shi. "So nake in tuƙa motar nan da hannuna har Ikara, kafin ya rufe. Za ka iya?"

Na ce, "Baba, in Allah ya yarda za ka tuƙa." Ban ko buɗe injin ba tukuna, amma na san hannuna.

Ya ƙi a ja ta zuwa gareji. Wai a yi aikin a gabansa, ko bai gani sosai ba ya ji ƙarar sufana. Saboda haka kullum da la'asar sai in hau babur in tafi gidan. Na sauke injin, silinda shida a jere, na warware shi kan buhuna. Karanshaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa, na kai Zariya aka goge. Ringin fistin na samo a Fanteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Kaduna, na wata doguwar motar Japan da faɗinsu ya zo ɗaya, bayan na yini ina tonon ƙarafa har farcena ya tsage. Gasket ɗin kan injin, shimfiɗar da ke hana shi yoyo, sai a Sabon Garin Kano na same shi, a ƙasan kantar wani Ibo da ya rantse ya manta yana da shi. Ƙananan gasket kuwa da kwali na yanka, ina bubbuga gefensu da ƙaramar guduma. Injin ya haɗu tsaf, ya rage kafireta.

Motar tana da kafireta biyu, wato abin da ke gauraya fetur da iska ya shayar da injin. Irin tata daban ce da ta akori-kura. Kowace tana da wani murfi na dalma kamar ƙaramar tukunya a kife, a cikinsa akwai fistin mai allurar tagulla. In injin ya ja iska, fistin ya ɗaga, allura ta buɗe wa mai hanya. Duk sirrin yana tsakanin murfin da fistin ɗin, don an ƙera su daidai wa daida yadda iska ba za ta zurare ba. Shi ya sa ba a wanke su da komai sai fetur da tsumma mai laushi. Na warware su duka biyun, baƙi ƙirin da datti, na zuba a daro na ajiye a baranda, da niyyar in wanke washegari.

Da na dawo, Mama ta tare ni tun daga ƙofa, fuskarta cike da fara'a.

"Ɗana, yau na rage maka aiki. Zo ka gani."

Ta shimfiɗa su kan sabon buhu a rana, suna ta walƙiya. Ta ga tukwanen dalma masu baƙi, ta yi musu abin da kowace mace ke yi wa tukunya: toka, yashi, soson ƙarfe, ciki da waje. Har allurorin ta dirje. Na ɗauki murfi ɗaya na toshe ramukan na saki fistin. Mai lafiya a hankali yake sauka. Wannan ya faɗo fat, ba abin da ya tare shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni mutum ne mai faɗa, da wani ne a gareji da sai unguwa ta ji muryata. Amma ga tsohuwa tsaye, hannayenta duk sun yi fari da toka, tana jiran in ce sannu. Na ce, "Sannu da aiki, Mama," na zaga bayan mota na zauna kan dutse har zuciyata ta sauka.

Baba ya ji shirun. Ya ce, "Injiniya, me ya faru?" Ƙarya ba ta da amfani a nan, na gaya masa. Na ce waɗannan sun gama aiki, kuma irinsu ban taɓa gani a kasuwa ba ko lokacin da kaya ke shigowa. Mama ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Abokan sana'a suka ce in daina wahalar da kaina, in ɗora mata kafiretar akori-kura guda ɗaya kamar yadda kowa ke yi, har ma ta rage shan mai. Na ce a'a. Motar za ta tashi, amma za ta riƙa tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi, kuma mai ita zai gane tun kafin ya sa giya ta biyu. Mutumin da zai yi tuƙinsa na ƙarshe ba zan ba shi wannan ba.

Na koma Fanteka, na koma Kano, na aika saƙo Jos ta hannun direbobi. Shiru. Damina ta yi nisa, masara ta fara bunni, Baba kuwa ya fara lalubar kofin shayi a gabansa. A nan ne na soma jin tsoro, don ƙarfe ana iya jiransa amma idon nan ba ya jira.

Mama tana sarin mazarƙwaila tana kaiwa kasuwanni. Ashe tun daga ranar ta ɗaure murfi ɗaya a gefen zane, duk kasuwar da ta ci sai ta kwance ta nuna wa mata da masu rake, ko wani ya taɓa ganin irin wannan 'yar tukunya. Wasu suka yi mata dariya, wata ma ta taya da kuɗi za ta saya. Ba ta fasa ba. Ran nan sai ga ta a gareji da rana tsaka, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Ɗana, tashi. Wata mata ta ce akwai biyu rataye a rumfar matse raken mijinta, can bayan Kudan."

Na goya ta a babur. Hanyar duk taɓo, sau biyu muna sauka muna turawa, ba ta yi ƙorafi ba. Tun daga nesa na ji ƙarar injin na ce a raina wannan silinda shida ne. Haka kuwa. Mai rumfar ya sayi injin wata irin motar da ta yi hatsari, ya ɗora masa kafireta guda yana juya injin matse rake da shi. Na asalin ya ɗaure su da waya ya rataye a jikin azara, zanzaro har ya yi gini a bakinsu. Ba wanda ya taɓa buɗe su. Na sauke ɗaya, na kwance murfin, na saki fistin. Ya sauka a hankali, sululu. Mama ta dube ni, na gyaɗa kai, sai ta juya baya ta share ido da bakin mayafi.

Mai rumfar ya ce injinsa na tari, in na gyara masa in kwashe su. Kafin magariba na gyara.

Wannan karon a gabana aka wanke, Mama na zaune can nesa ta harɗe hannu, ta ce ko an roƙe ta ba za ta taɓa ba. Abin da na karɓa a wurinta man keken ɗinki ne kawai, na ɗiga a saman kowane murfi. Da na murza makulli injin ya yi tari biyu ya kama, kaji suka watse. Sai daidaita kafireta biyun, don dole su ja iska daidai da juna. Ni da guntun tiyo nake yi, baki ɗaya a kunne, ɗaya a bakin kafireta. Baba ya ce a ɗauko masa abin sauraron ƙirjin da ya yi aiki da shi. Na kama hannunsa na kai wurin, ya saurari ta gaba, ya saurari ta baya.

"Ta bayan nan numfashinta ya yi sama," ya ce.

Na sa tiyona na ji, gaskiyarsa ne. Na juya sukurun kaɗan kaɗan har ya ɗaga hannu. Injin ya kwanta lumui, ko kofin ruwa ka ɗora a kai ba zai zube ba.

Muka zaɓi safiyar da ba kasuwa. Wahalar mai ta taimake mu, don hanyar Ikara fayau take, sai keke jefi-jefi. Shirina shi ne in zauna a gefensa, hannuna kan birkin hannu. Na buɗe ƙofa ke nan ya ce, "Wurin Mama ne."

Na ce, "Haba Baba! Mama ba ta san birki daga kuloci ba. In saniya ta fito ta gefe fa?"

"Sai ta gaya mini. Ai idonta ƙalau. Kai ka wuce gaba da babur."

Na yi faɗa sosai, har na ce to in ba haka ba zan cire batir. Mama ta gyara ɗaurin kallabi ta shige ta ja ƙofa. Na haƙura na hau babur, ina tafe ina waige, ina kora awaki da ƙafa.

Da farko a hankali yake bina. Muna fita gari, gonakin dawa suka buɗe dama da hagu, hanya ta miƙe, sai na ji ya sauke giya. Na san wannan kukan, ni na haɗa shi. Kafin in ɗaga hannu ya wuce ni fuu, har da danna mini oda. Na hango Mama ta leƙo da kai ta taga tana ihu, "Mai keke a hagu! Ka wuce shi! Ba komai a dama, tafi!" Na murɗa babur iya ƙarfinsa ina salati ina zagin taurin kan tsofaffi, amma ina, sai ɗigon ruwan lemo can gaba.

A bakin garin Ikara na cim musu. Ya faka daidai a gefen titi, injin na aiki, hannayensa biyu kan sitiyari, hawaye na bin kumatunsa. Mama na riƙe da gwiwar hannunsa. Na miƙa hannu zan kashe motar, ya ce, "Bar ta tukuna, Injiniya." Na bar ta. Na tsaya a gabansa inda zai iya ganina, faɗan da na taho da shi a baki duk ya bi iska. Farin ciki na ji, irin wanda ban taɓa ji a kan wani aiki ba.

Na bar babur a Ikara sai washegari, ni na dawo da shi gida, Mama ta biyo motar haya. Bai sake tuƙi ba, kuma kafin a yanke dawa idon ya rufe gaba ɗaya. Mutane suka yi ta zuwa yi masa jaje daga coci da cikin gari, amma ba ya barin kowa ya ƙarasa. Da mutum ya fara, sai ya katse shi ya ce, "Zauna in ba ka labari. Da hannuna na kai matata Ikara, kuma a hanya na wuce bakaniken."