Makokin Saje Bawa a Ƙofar Tela

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 9 ga Yuni, 1966, Allah Ya karɓi ran Saje Bawa Lambara a gidansa na Bodinga, bayan zazzaɓin da bai daɗe yana jinya ba. Ni ne na yi masa wanka, ni na ja sallarsa, kuma har yau na kasa zama wuri ɗaya.

Bawa, tare muka yi karatun allo a Sifawa. Ni na zauna da allona har na zama malami, kai kuwa ƙafarka ba ta san zama ba, ka shiga aikin ɗan sanda. Da muka sami 'yancin kai, ƙasar Kwango ta rikice da yaƙin basasa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi ƙasashe su kawo ɗauki, kana cikin waɗanda aka tura. Na tsokane ka a lokacin, na ce wanda bai iya raba faɗan awaki ba shi zai raba ƙasa. Ka yi dariya ka ɗauki akwatinka.

Da ka dawo ka ba mu labarin abin da ka gani: likitoci daga Indiya, sojan Habasha, buhunan gari da madara, da masana da suka zo koya wa mutane yadda za su sake kafa gwamnati su yi zaɓe. Aikinka shi ne horar da sababbin 'yan sandansu, kuma ba ka riƙe bindiga ba. Ka ce idan aka ji ana shirin far wa wani gida, kujera kuke ɗauka ku zauna a ƙofar, ku ci abin da masu gidan suka ci, har masu mugun nufi su ji kunya su watse. Ba ka taɓa raina taimakon nan ba, amma akwai maganar da kake yawan maimaitawa:

"Malam, taimakon duniya shina da kyau, amma ba ya zowa sai an ƙare gina kushewu."

Na ɗauka labarin wata ƙasa kake ba mu. Sai bana, da mulki ya juye, jita-jita ta cika kasuwa, samari suka fara kallon baƙi da wani ido. Okoriye tela, mutumin Jihar Gabas, ya fi shekara ashirin a garin nan. Shi ya ɗinka rigunan sallar rabin Bodinga, 'ya'yansa mata a nan aka haife su, Sakkwatancinsu ya fi nawa. Ba ka yi wa kowa wa'azi ba. Tabarmarka ka ɗauka ka shimfiɗa a ƙofarsa, kana ta zolayarsa wai ya ɓata maka wuyan riga, kana cin doyar matarsa a gaban kowa. Ana tsakiyar shuka, ka bar gonarka ta Lambara a hannun ƙannenka.

Da ciwo ya kwantar da kai, na zo duba ka, ka riƙe hannuna ka ce:

"In Allah Ya yi ikonai, kada ku zamna min makoki ƙohwar gidana. Ku kai tabarmi ƙohwar tela."

Dattawa sun ji nauyin abin, don ba a saba karɓar gaisuwa a ƙofar wani ba. Matarka Hasiya ce ta aiko daga cikin gida cewa wasiyya ce, a cika ta. Haka aka yi. Mutanen Shagari, na Kajiji da na Sifawa, duk wanda ya zo gaisuwa a ƙofar Okoriye ya zauna, shi kuma yana ta kawo ruwa yana share hawaye. Har samarin da ake tsoro sun zo sun durƙusa sun yi addu'a. Ko a mace sai da ka yi mana wayo, Bawa, ka sa gari duka ya yi gadi.

To, gobe ne sadakar bakwai, za a naɗe tabarmi kowa ya koma gonarsa. Jiya na ga matar tela tana ɗaure kaya. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ba na son mu zama ƙasar da za a aiko wa buhunan gari da baƙin 'yan sanda.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hasiya, da ɗanka Maniru, da 'yan'uwanka na Lambara, da iyalan Okoriye, waɗanda su ma tamkar sun yi rashin uba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Ni ban iya aikin ɗan sanda ba, amma zama na iya, ka sha yi mini gori a kai. Na gaya wa ɗalibaina daga jibi a ƙofar tela za mu riƙa karatu, kuma na roƙi Hasiya ta bar mini tabarmarka.