Ranar da ɗiyata ta janye bakinta

A ƙasarmu ruwa ba ya zama. Yana gangarowa ne daga kan duwatsu da gudu, ja wur, ɗauke da itace da awakin mutane, ya cika ƙorama kafin mace ta gama tankaɗe, in an jima kuma ka je ka tarar da yashi kawai. Na yi shekaru ina ɗaukar dutse a ka zamanin aikin furoje na Keita, na gyaran ƙasa, muna jera shi a gangare don ruwan ya tsaya ya shiga ƙasa. Na san fushinsa. Abin da ban sani ba shi ne akwai ruwan da gwamnati ke ɗaukar ɗan mutum ta koya masa zama a kansa.

Ƙoramar da ke tsakanin garinmu da Tabotaki ita ta ci mijin ɗiyata. Yana dawowa daga kasuwa da jakinsa, sama garau a kanmu, ashe an yi ruwa can gabas. Jakin ya iso gida. Shi kuwa sai bayan kwana biyu anka same shi, nesa, a gindin wata ƙaya. Ɗiyata ta gama takaba ta dawo ɗakina da yaro ɗaya, ɗan farinta, yana shekara shida.

Kun san kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane. In ta zuba masa tuwo sai ta ajiye ta ce mini, "Inna, ga na yaronki." Ni ce mai wanka, ni ce mai faɗa, ni ce matarsa ta wasa. Yana ce mini tsohuwa, ina ce masa maigida.

Sau ɗaya tak na ji ta yi masa magana kai tsaye. Yana shekara tara, cikin damina, ya bi yara tabki, ya dawo wando jiƙe, taɓo har wuya. Ba ta doke shi ba. Ta durƙusa a gabansa, ta kama kafaɗunsa biyu, ta dube shi cikin ido, ta ce, "In ka sake shiga ruwan da ya wuce gwiwarka, ban yafe maka nonon da ka sha ba, duniya da lahira." Ina tsaye a bakin ɗaki da tsintsiya a hannu. Ban hana ta ba. In zan faɗi gaskiya, daɗi na ji.

Yaron ya riƙe maganar. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Buza, ya wuce Tawa, ya shiga soja. Wannan munka haɗiye shi, don ba mu kaɗai ba ne. Sai kuma anka zaɓe shi cikin waɗanda za su tsare kogi a jirgi, anka ce za a kai su wata ƙasa a bakin teku su yi horo wurin sojan ruwa. Ya tafi bai biyo ta gida ba.

A garinmu ni ce mai zama da uwaye. Ba wanda ya naɗa ni, shekaru ne sunka ɗora mini. In ɗan mace ya tafi biɗar kuɗi Abijan, ko Libiya, ko wurin haƙar zinariya, ko ya sa kaki, ranar farko ɗakina take zuwa. Ba na ce mata ta daina kuka. Ina miƙa mata taɓarya mu yi daka tare, ina kirga mata waɗanda sunka bi hanyar nan sunka dawo, wane ya dawo da babur, wane ya dawo da mata mai wani yare, wane ya dawo da tsumman jikinsa amma ya dawo. Kowace hanya ina da labarinta. Ta teku ce ban da ita. Ba wanda ya taɓa bin ta a garinmu, balle ya dawo in kirga shi.

Ranar Lahadi bayan azahar ake ba su salula. Mu kuma rezo, wato sabis na waya, ba ya shigowa gari, sai mun hau dutsen da ke bayan maƙabarta. Ni nake riƙe wayar, ɗiyata ta tsaya taki biyu daga gare ni ta ba mu baya, kamar tana duban gonaki, kunnenta kuwa yana wurinmu.

A wata na uku na ce masa, "Maigida, sun ba ka amarya a can ne muryarka ta shige?"

Ya ce, "Wace za ta so ni, tsohuwa? Kin riga kin tsofar da ni."

Ya yi dariya kaɗan. Sannan ya faɗa. A gudu ba mai kama shi, a harbi ba laifi, igiya kuwa yana hawanta kamar yana hawan itacen kuka. Amma akwai wani tabki na siminti da ake kai su koyon iyo, kuma da zarar ruwa ya wuce gwiwarsa sai ƙafafunsa su mutu. Sau biyu sarjan yana jefa shi, sau biyu ana jawo shi da sanda. Abokansa sun sa masa suna raƙumi. Saura mako uku a gwada su, wanda ya faɗi za a maido shi, wataƙila ma a cire masa kakin gaba ɗaya.

Ya ce, "Ba tsoron ruwan nake ba. Ina shiga sai in ji maganar. Ki ce wa Mama ta janye bakinta."

Munka sauko. Sai da munka shiga gida ɗiyata ta ce, "Su koro shi. Gona na nan."

Na ce, "Ki ga yaro ya shigo gari da jaka a ka, ana nuna shi da baki?"

Ta ce, "Gara a nuna shi da baki yana tafiya da ƙafarsa."

Kashegari na je wurin liman. Na ce ni na rene shi, ita ma ni na haife ta, ko ba zan iya janye maganar a madadinta ba? Ya ce, "Iya, ba nononki ya sha ba. Ita ta faɗa, ita za ta janye, kuma da son ranta." Ya ba ni rubutu in kai mata ta sha ko zuciyarta ta kwanta. Ta sha, ta ɗauraye ƙwaryar, ta kife.

Akwai wani tsohon soja a Tabotaki da ke tara iyayen masu kaki ranar kasuwa, a inuwar bayan meri, ofishin magajin gari. Shi yake karanta wa mutane takarda, shi yake bayanin abin da ba mu gane ba, wani lokaci kuma zama kawai ake yi, kowa ya ga ba shi kaɗai ba ne. Na ce wa ɗiyata mu je. Ta yarda, amma sai da ta shiga rumbu ta fito da wata ƙatuwar gora, wadda mutum ba zai iya rungume ta da hannu ɗaya ba. Ashe kwana uku tana aikinta a ɓoye. Ta toshe bakin da itace ta liƙe da ƙaro, ta tufka igiya ta ɗaure ta ko'ina, ta bar madauki inda hannu zai shiga. Ta ji an ce mutanen kogi haka suke ƙetarewa, rungume da gora.

Ta ajiye ta a gaban tsohon sojan ta ce a aika masa.

Wani mutum da ɗansa ke can bakin iyaka ya ce, "Baiwar Allah, ki haɗa masa da jaki mana, ya ɗauko masa ita." Mutane sunka kwashe da dariya. Tsohon sojan bai yi ba. Ya ɗauki gorar ya juya ta, ya ja igiyar ya ga ƙarfinta, ya ƙwanƙwasa da yatsa.

Ya ce, "Aiki mai kyau. Za ta ɗauki mutum. Amma ba za su bar shi ya shiga da ita ba. Ranar gwaji daga shi sai jikinsa."

Ɗiyata ta ce, "Malam, tekun nan, in mutum ya tsaya a wannan gaɓa yana hango waccan?"

"Ba ya hangowa."

"In an jira, yana janyewa?"

"Ba ya janyewa."

"To a ina ake tarar da wanda ya ci?"

Tsohon sojan ya ajiye gorar ƙasa. Mai maganar jakin ma ya sunkuyar da kai. Wata mata da ban sani ba ta matso ta zauna jikin ɗiyata, ta ɓare goro ta sa mata rabi a hannu. Can tsohon sojan ya ce shi dai abin da ya gani, wanda ya iya iyo ya fi fita. Ya ce ko yaron ya ci ko ya faɗi, kafin ranar sarjan zai ci gaba da jefa shi, don aikinsa ke nan. Munka dawo da gorarmu.

Lahadi ta biyu ba ta hau dutsen ba. Na hau ni kaɗai, ina hutawa a kowane kwana. Da yaron ya kira, na ce masa zazzaɓi take yi. Ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe," da muryar wanda ya san ƙarya ce. Sai na gwada abin da liman ya ce ba ya yiwuwa. Na ce, "Ni na yafe maka. Ka shiga."

Ya ce, "Haba tsohuwa. Naki bakin ba ya kama ni. Tun ina yaro kike zagina, ban ga komi ba."

A makon nan ban san abin da zan yi mata ba, sai abin da nake yi wa kowa. Na miƙa mata taɓarya. Muna daka, tana ramewa ina gani, fura ma sai ta kurɓa ta ture. Na nemi labari a kaina, ko ɗaya, na wanda ya bi ruwa ya dawo, ban samu ba, kuma ba zan ƙaga mata ba, don ta san duk wanda na sani.

Wata safiya ta tsayar da taɓarya ta ce, "Inna, da kin hana ni ranar nan."

Na ce, "Da na hana ki, da ni na faɗa."

Ta ce, "Shekara nawa bakin nan yana tsare mini shi. Ko tabki bai sake kallo ba."

Na ce, "Ya tsare. Yanzu kuma shi ke danna shi ƙasa." Ban so faɗa ba. Ta dube ni kamar na mare ta, ta ɗauki turmin da hatsin bai daku ba ta shige ɗaki.

Lahadi ta uku ta riga ni hawa. Rana na dukan duwatsun har ba a iya dafa su. Wayar ta yi kuka, na amsa, ban tsaya wasa ba, na ce, "Ga uwarka." Na miƙa mata, ta ƙi karɓa. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta ce in riƙe. Na kai wayar bakin mayafin.

Ta ce, "Kai."

Ya ce, "Na'am, Mama."

Ina jin hayaniyar mutane a bayansa, da wani yana ce masa ya yi sauri. Na ƙara matsa wayar kusa da bakinta.

Sai ta kira sunansa. Tunda ta haife shi ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har ya yi mini kamar sunan baƙo. Ta ce, "Na janye. Na yafe maka, wanda na faɗa da wanda ban faɗa ba. Ka shiga. Ka yi bismilla ka shiga, ka fito."

Ya ce, "To." Ya sake cewa, "To, Mama." Sai anka karɓe wayar.

Ta zauna a kan dutsen nan mai zafi kamar ba ta jin sa. Sannan ta ce, "Inna, yanzu da mi zan riƙe shi?"

Na zauna kusa da ita har la'asar.

Lahadin da ta biyo munka hau, waya ba ta yi kuka ba. Ta gaba ma haka. Munka koma wurin tsohon sojan. Ya ce shirun yana iya zama alheri. Waɗanda sunka ci, ana fita da su cikin babban jirgi, makonni ba waya. Waɗanda sunka faɗi kuwa ana sa su a hanya, kwana kaɗan sai a gan su a gida. Na tambaye shi ko akwai na uku. Ya ce in da akwai, da hukuma ta aiko.

Shi ya sa yanzu duk ranar kasuwa muna zama a tashar Tabotaki, a inda motar Tawa ke sauke mutane. Ba mu sayen komi. Mota ta tsaya, ɗiyata ta miƙe, tana duban ƙafafun masu saukowa ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe. Makon jiya ma haka. Sunka sauko duka, anka sauke buhuna da wani rago daga sama, ba shi a ciki. Ta ce, "Alhamdu lillahi, bai faɗi ba." Sai ta koma ta zauna a ƙasa, ta riƙe gefen zanena da hannu biyu, ta ce mu jira mota ta gaba.