Muryar da Shugaba Ya Share

Shekarun da na yi ina buga takardu a ofishin ƙungiyar manoman rani a Kura, kwamfuta ɗaya tal gare mu, kuma a baki kawai nake mai ita. Kowa ya shigo sai ya sa na zuba masa wani abu. Wannan hoton gonarsa, wancan na ɗan maraƙinsa, wani ma bikin ƙanwarsa kacokan. Na yi faɗa har na gaji. In na ce ta aiki ce, sai a ce, "Haba Malama, ajiya ce fa." Mu kuwa in an ce ajiya magana ta ƙare. Ka ba mutum buhun shinkafa, ko bayan shekara uku ka dawo, yana nan a ƙuryar ɗaki.

Mutum ɗaya ne ban taɓa yi wa faɗa ba, wato Baba mai buɗe mana ƙofar ruwa. Matarsa ta rasu da damina, saƙon muryarta guda ɗaya ya rage a wayarsa. Ya roƙe ni na kwafe masa a kwamfuta. Ba a jima ba wayar ta sulale daga aljihunsa ta faɗa kanal ɗin ban ruwa yana sunkuye yana murɗa ƙofa. Ko a jikinsa. "Ai muryar tana wajen 'yata," in ji shi, yana nufin ni. Bai taɓa cewa a kunna masa ba, ni ma ban taɓa saurara ba.

Da tumatir ya nuna, ofis ya zama kango kamar kowace shekara. Ni ma na tafi Kadawa taya maigidana tsinka, na daɗe ban leƙo ba. Ran da na dawo na kunna kwamfuta, sai na gan ta fes, babu maraƙi babu biki. Na duba inda na sa muryar, wayam.

Sai ga shugaban ƙungiya ya shigo yana washe baki, wai in gode masa. Ya ga ta yi nauyi, shi ne ya share tarkacen tun farkon kakar tumatir.

"Ranka ya daɗe, har da na Baba?"

"Ke, kwantar da hankalinki. Ba an ce kullum tana tura kwafi can wajen ajiya ba? In an gama tumatir sai a ɗauko."

Wallahi na ji kamar in kifa masa kwando a ka. Komai namu sai an gama tumatir, aure, gyaran rufi, har zuwa asibiti. Na fita waje na kira injiniyan da ya haɗa mana ita daga Kano.

Da ya ji, sai da ya yi salati. Ya ce, "Malama, wa ya ce muku ana ajiyewa har abada? Kwafin kullum wata guda yake yi. Sabo na shiga, mafi tsufa na fita, don wurin ba zai ɗauke duka ba. Abin da aka share yana nan cikin tsofaffin kwafin, amma in layi ya zo kansu sun tafi ke nan."

Na maimaita wa shugaba. Murmushin ya ɗauke. "Wace irin ajiya ce wannan, mai zubar da kayan mutane ba sallama? Ko a sanar da mai kaya!" Ya karɓe wayar yana yi wa injiniya wa'azin amana, shi kuma yana ta cewa a rubuce yake a ƙa'idar da shugaban ya sa wa hannu da kansa. Da ba don halin da nake ciki ba, da na yi dariya har ƙasa.

Injiniya ya duba daga can. Na kullum duk sun wuce, babu muryar a ciki. Na zauna a kan benci ina tunanin bakin da zan gaya wa Baba.

"Tsaya tukuna," in ji injiniya. "Akwai na ƙarshen kowane wata, shi ana barinsa shekara. In dai muryar ta kwana a kwamfutar a ƙarshen wani wata, za mu same ta. Amma don Allah ku daina zuba kayan gida a na'urar ofis."

"Injiniya, nemo tukuna, ka yi faɗan daga baya."

Kafin la'asar sai ga ta ta dawo, tare da maraƙi da biki da komai. Shugaba ya hau kabbara kamar shi ya tono ta. Na ce a kira Baba yanzu, yau sai ya ji abarsa, kuma sai an sa masa a sabuwar wayarsa da ta babbar 'yarsa.

Ya zo da taɓo har gwiwa, bai san me aka yi ba. Muka tashi za mu ba shi wuri, ya ce mu zauna. Na danna. Na zaci addu'a zan ji ko wata magana mai taushi. Ina! Murya ce kakkaura, a fusace:

"Malam, tuwo ya huce. In ruwan ne zai ciyar da kai, to ka kwana a can. Kuma saura ka dawo min ba gishirin nan."

Shugaba ya tuntsire da dariya, ni ma ta kuɓuce min. Baba ya fi mu dariya, har da riƙe ciki, hawaye na bin gemunsa. Da ya lafa ya goge fuska da hularsa, ya matso kusa da kwamfutar, ya rage murya.

"Na ji," ya ce. "Ga ni nan zuwa."