Kwalbar Baba Kiyu

Duk wanda ya ce mini mutanen da masu yafiya ne, na san bai taɓa zama gaban murhun kakata Inna Tumba ba. Tsohuwar nan tana iya manta inda ta ajiye goronta sau uku a yini, amma ba ta manta wanda ya taka ta ko bayan shekara ashirin. A Ƙaura Namoda muke, bayan tashar jirgin ƙasa, kuma sana'arta gasa kifi a ƙofar gida. Da an sallame magariba, sauran garwashin murhu shi ne fitilarmu. Mu jikokinta da 'ya'yan maƙwabta mu zagaye shi, ita kuma ta miƙe ƙafa ta ba mu tatsuniya kafin a kira isha'i.

Gashin kifin Inna ba irin na kowa ba ne. Tsohuwar ƙafar keke ta ɗora a kan duwatsu uku, a bisa wayoyinta take jera karfasa. Tarwaɗa kuwa sai ta naɗe ta da ganyen kalgo, ta yaɓe ta da laka kamar mai ginin tukunya, ta binne a garwashi. In ta fasa lakar, fatar kifin ta tafi da ita, naman ya fito fari yana tururi. Mutane suna dariya suna cewa tsohuwa ta rikice, amma suna dariyar suna lashe yatsu.

Shekarar da aka yanke mana Zamfara daga Sakkwato muka yi sabuwar maƙwabciya, Maman Ojoma, Kirista ce daga can kudu da Binuwai, mijinta ma'aikacin jirgi. Wata rana ta kawo wa Inna wata miyar Turawa a kwalba, ja mai duhu, ta ce sunanta babakiyu, ana shafa wa nama a kan wuta. Inna ta ɗanɗana ta ce, "Shi wanga Baba Kiyu ɗin, ko ɗan wane gari na, ya iya miya. Amma na hi shi." Sati biyu suka yi su biyu suna gwaji, har suka haɗa tasu da jiƙon tsamiya da zumar Zurmi da busasshen tumatir da tafarnuwa da citta da barkono, a dafa har ya yi kauri. Inna ta riƙa zuba ta a kwalbar nan ta asali, tana shafa wa kifi da gashin kaza. Ba a yi wata ba, duk mai saukowa daga tasha sai ya tambayi gidan Baba Kiyu.

Wanda abin ya ƙona shi ne Bawa mai tsire, da ke bakin hanya. Bai ce komai ba sai da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da kowa ke murna, kowa kuma ke kallon kwalba da ido biyu. A teburin mai shayi ya jefa maganar, kamar ba da gangan ba. Ya ce shi dai bai ce komai ba, amma abin da ke da tsami, yake cikin kwalba, kuma daga hannun wadda ba ta salla ya fito, mai hankali ya san sunansa. Kafin Juma'a ta zagayo ƙofar gidanmu ta zama kufai. Matan da Inna ta yi wa unguwar zoma suka riƙa sauya hanya. Har yau in na tuna yadda take kwashe kifin da bai sayu ba ta ba mu, tana cewa ita ta ƙoshi, sai in ji zuciyata tana tafasa.

Mai saye ɗaya ce ta rage. Kowace Alhamis Ladi, matar Bawa, takan shigo ta ƙofar baya da kwanon samira a cikin mayafi, ta ce wata mara lafiya ce ta aiko ta. Inna ba ta taɓa tambayar wace ce ba. Takan cika kwanon, ta ƙara miya har ta malalo. Wata huɗu ana haka.

Wata Alhamis Ladi ta zo tarwaɗar ba ta nuna ba, Inna ta ce ta zauna ta jira. Muna zagaye da wuta, sai Inna ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan gare ku, da zahinta na ɗauko ta." Muka ce ta zo mu ji ta, ko ta ƙona mu.

Ta ce wai a bakin wani gulbi an yi Zalɓe mai gasa kifi a cikin laka, daɗinsa ya sa namun daji suka watsar da naman da Dila ke sayarwa. Sai Dila ya bi gida gida yana raɗa cewa lakar Zalɓe daga makabarta yake ɗebo ta. Kowa ya gudu, Zalɓe ya zauna shi kaɗai da ƙafa ɗaya yana kallon ruwa. To amma maƙogwaron Dila bai san da ƙaryar da bakinsa ya yi ba. Da yamma sai ya yafa fatar akuya, ya maƙale murya, ya zo ya sayi kifi. Zalɓe ya gane shi tun ran farko, ya ƙyale shi har ya saba. Rannan ya dama shuni ya cusa a cikin kifin. Da gari ya waye ya tafi fadar Zaki ya ce, tunda an ce abincinsa na makabarta ne, a nemo mai cinsa a hukunta su tare, kowa ya buɗe baki. Kura ta buɗe, Zomo ya buɗe. Dila ya ce shi haƙorinsa ke ciwo.

Nan Inna ta dakata, ta tono tarwaɗar daga garwashi da itace. "Sunka danne shi, sunka ɓare bakin, baƙi ƙirin har ga maƙoshi. Shi ya sa har gobe Dila ba ya hitowa sai ido ya ragu. Ƙurungus, kan tarwaɗa." Ƙanwata ta tambaya ko Zalɓe ya yafe masa daga baya. Inna ta ce, "Wa yac ce maki ya roƙa?" Ta fasa lakar, ta cika kwanon, ta miƙa wa Ladi ta ce, "A gaishe da mai jiki." Ladi ta karɓa ta fice ta ƙofar baya.

Kwana takwas Inna ta ba Bawa ko zai zo da kansa. Ladi ba ta sake zuwa ba, shi ma bai zo ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, ta ɗora tire a kai ta tafi zauren mai unguwa, inda liman da dattawa ke zama. Mu yara muna leƙe daga soro. Ta ce ta kawo ƙarar kanta, a kira Bawa. Ta hura wuta a gabansu, ta jera tsamiya da zuma da sauran kayan, ta dafa miyar suna kallo, ta zuba ta kwalbar a gefe ta ce a gwada. Liman ya lasa wannan ya lasa waccan, ya ce shi bai ji bambanci ba, kuma bai ji haram ba. Bawa ya fara cewa ai shi dama ji ya yi ana faɗi.

"Dakata, Bawa, ban ƙare ba," in ji Inna. "Ranka ya daɗe, wata huɗu ana zuwa man da samira mai hoton zakara, murhinta ya lotse gehe guda. Ni nib ba Ladi ita gudummawa ran da anka kai ta ɗakin mutumen ga. Gidansu kau su biyu na, kuma Ladi tun tana ɗiya ba ta cin kihi, kumburi yaka sa ta. To, in giya ta, shi ya sha ta wata huɗu shina sane, a shimhiɗe shi a yi mashi bulalatai. In ba giya ta ba, ya yi man ƙage, ya ɓata sunan baƙuwa. Shi zaɓi guda, ni duk wadda yaz zaɓa ta yi man."

Bawa ya dubi liman, ya dubi mai unguwa. A ƙarshe ya ce ƙarya ya yi. Mai unguwa ya sa shi ya maimaita a teburin mai shayi, ya kuma maimaita a ƙofar masallaci. Liman ya roƙi Inna ta yafe tunda gaskiya ta fito. Ta ce za ta duba. Yara suka sa wa Bawa suna Mara Lafiya, duk inda ya gifta sai a tambaye shi ya jiki, har ya kwashe tukubarsa ya koma Shinkafi.

Ciniki ya dawo har ya fi na da. Sai dai Maman Ojoma ba ta ga wannan rana ba. Tun a wata na biyu da fara tsegumin, da aka fara nuna ƙofarta da baki, mijinta ya nemi canjin wurin aiki, suka tafi da asuba ba ta iya yin sallama da kowa ba. Inna ta yi ta ba direbobi saƙo a gaya mata an wanke su. Ba mu taɓa sanin ko ya isa ba.

Da na girma na sha ba da labarin nan, kuma kusan kullum sai wani ya ce da tsohuwa ta yafe da ta fi lada. Wataƙila. Ni ma na daɗe ina ɗauka asarar cinikinta ce ta riƙe Bawa da ita. Sai da aka zo da labarin rasuwarsa, ina budurwa, mahaifina ya durƙusa ya ce, "Inna, yanzu kam ki yahe mashi." Ta juya kifin da ke kan wuta ta amsa.

"Nawa na yahe tun ran da yat tsaya ƙohwar masallaci. Na Maman Ojoma kau ba ni adda shi ba, balle in bayar. Shi jira ta can lahira."