Ramin da Baba Ya Fasa Cikewa

Baba ya fasa cike ramina, har kujerarsa ya saukar ciki!

Bayan gidanmu a Kurudu akwai ramin da magina suka bari da suka ɗebi ƙasa. Ina aji uku a sashen zanen gine-gine na roƙi Baba ya bar min shi in yi lambun da ake sauka cikinsa da matakala. Ya ce, "Otal dai za ki buɗe wa sauro. In ruwan farko ya kwanta a ciki, tifar ƙasa zan kira ta cike shi."

Na zage. Bango siminti zalla, layi a miƙe, gefe ɗaya na shafa ja da shuɗi da rawaya irin zanen zamanin da malaminmu ke haska mana. Na binne bututu zuwa kwata, na zuba tsakuwa, na dasa lalle a kusurwa. Mama ta leƙo ta ce, "Sai yaushe za a sa wa tankin murfi?"

Ranar da aka tafka ruwa ko abinci ban iya ci ba. Ana ɗaukewa Baba ya sauka, ya taka ko'ina, babu inda ruwa ya kwanta. Sai ya tsaya yana jujjuya wayarsa.

"Sabis ba ya kamawa a nan?"

Na ce zurfin ne, zan san dabara.

"Kar ki taɓa. Ranar Asabar nan zan zauna, ogana na wurin aiki ya neme ni a waya ya gani."

Don Allah ku tura wa 'yan ajinmu, kowa ya karanta.